Maharbin da Na Zana a Bango

Ni mai fenti ne. Ina saurayi na baro Damagaram na zo Diffa, domin wani kawuna mai fataucin tattasai ya ce mini garin cike yake da shaguna da motoci, amma babu mai rubuta musu suna. Bai yi ƙarya ba. Na kafa rumfa a hanyar kasuwa, gindin wata dogonyaro, na yi shekaru ina zana kawuna a ƙofar masu aski, kifi a ƙofar masu banda, zaki da barewa a bayan manyan motocin da ke kai tattasai Najeriya. A nan na auri wata Babarbariya ƴar Shetimari, a nan aka haifa mana ƴaƴa.

Da fitina ta tsallako kogin Komadugu, komai ya tsaya. Aka hana hawa babur, aka hana kamun kifi, aka hana noman tattasai a bakin ruwa. Motocin da nake yi wa ado suka zauna a tasha har tayoyinsu suka sace. Bayan wasu hare-hare aka hana mata rufe fuska, maza ma suka daina jan rawani bisa baki in za su shigo gari. Su kuwa waɗanda suka jawo mana wannan, ba ma kiran sunansu. Mutanen daji muke cewa, a hankali, bayan mun duba gefe.

Mutanen proje, wato ƙungiyoyin agaji, su ne suka cece ni daga zaman banza. Suka zo da fararen motocinsu, suna son alluna. Na koma zana hannu da sabulu, zana salga, zana uwa tana shayar da jariri.

A lokacin ne na san tsohon. Ɗan gudun hijira ne daga wani ƙauye a hayin kogi, ɓangaren Najeriya, yana zaune a sansanin Sayam. Duk ranar kasuwa yakan shigo gari da muciya da ƙotar gatari da ya sassaƙa. Ya roƙe ni inuwa, na ba shi gefen rumfa. Dogo ne, siriri, da tsage a kumatu, Hausarsa tana fita da nauyin Barbarci. Afuno yake ce mini, yadda Barebari ke kiran Bahaushe. Ni kuma ina ce masa Baba.

Sati na uku da zamanmu, ya tsura wa wani tsohon allo ido, wanda na zana wa direba bai zo ya karɓa ba.

“Afuno, wannan mece ce?”

“Barewa ce, Baba.”

“Akuya ce,” ya ce. “Ka taɓa ganin barewa da rai?”

Na ce ban taɓa ba. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce shi maharbi ne, ubansa ma maharbi, kuma barewa ba ta ajiye ƙafa haka sai in ta mutu. Ya karɓi alli a hannuna ya gyara mini ƙafafun a ƙasa. Zanensa bai da kyau, amma ƙafafun daidai suke.

Da ya dawo sati mai zuwa, ya zaro wani abu daga buhunsa, naɗe cikin tsumma. Kan burtu ne. Na sha jin labarinsa, ban taɓa riƙe shi ba. An sassaƙa wuyan da icce, a lanƙwashe, an lulluɓe shi da baƙar fata da ta yi santsi don tsufa. Bakin na tsuntsun ne na gaske. An manna jajayen ƙwayoyin idon zakara a wurin idanu. A gindinsa akwai igiyar fata da ake ɗaurawa a goshi. Ya ce bindigarsa ta tafi tun ranar gudu, gidansa ya ƙone, amma wannan yana cikin rigarsa ya tsallako ruwa.

“Namun daji ba sa gudun burtu,” ya ce. “Tare suke kiwo. In ka sa wannan, ka rufa da baƙin zane, sai ka isa kusa da barewa har ka ji numfashinta.”

Na ce ya gwada mini. Ya duba hanya tukuna, sannan muka zaga bayan rumfa inda babu mai gani. Ya ɗaura shi a goshi, ya ja baƙin mayafi ya rufe kansa da jikinsa, ya durƙusa. Ina tsaye ina murmushi, ina jiran wasa. Sai ya fara tafiya. Taku ɗaya, ya tsaya. Kan ya sunkuya kamar yana tsintar fara, ya ɗago, ya karkata gefe. Kajin maƙwabciyata suna tono a wurin, ko ɗaya ba ta matsa ba. Murmushina ya tafi. Na san mutum ne a ciki, yanzu muka gama shan shayi tare, amma da kan nan ya juyo ya dube ni da jajayen idanunsa, na ja baya har na taka gwangwanin fenti.

Ya tuɓe, yana haki. Ya nemi ruwa ya wanke fuska.

“Ubana ya koya mini,” ya ce. “In ka dawo daga daji, ka cire shi tun a bayan gari, ka wanke fuska, ka faɗi sunanka da ƙarfi. Kada ka shiga gida da shi a goshi. Wanda ya daɗe a ciki yakan fara kallon mutane yadda yake kallon nama.”

Ban tambaye shi labarin gudunsu ba. A shekarun nan ba a tambaya. Shi da kansa ya kawo zancen, wata ranar kasuwa da ciniki ya mutu tun kafin azahar.

Yana da ɗa, na biyu a cikin maza, wanda ya fi kowa iya tafiyar burtu. Tun yana ƙarami ya gaji abin. Da ya zama saurayi sai ya fara zuwa wa'azi a wani gari, ya dawo ya daina cin abinci kwano ɗaya da ubansa, ya ce kan burtu gunki ne, a ƙone shi. Suka yi faɗa. Wata safiya aka tashi babu shi. Shekara uku babu labari.

Sannan mutanen daji suka shigo ƙauyen da hantsi. Tsohon ya ja matarsa suka shige ciyawar bakin kogi suka kwanta. Can sai ga wani yana tahowa shi kaɗai, da bindiga, fuskarsa naɗe da baƙin rawani, ko idanun ba a gani sosai.

“Ba fuska na gani ba, Afuno. Tafiya na gani. Yatsun ƙafa yake fara ajiyewa, ya tsaya, ya karkata kai. Ni na koyar da wannan tafiyar, mutum ɗaya na koya wa.”

Mutumin ya zo har kansu. Ya dube su. Bai ce komai ba. Ya nuna musu mashigin ruwa da bakin bindiga, ya juya ya koma wajen hayaƙi.

“Shi ne?” na tambaya.

“Uwarsa ta ce ba shi ba ne. Ta ce ɗanta ya fi wannan tsawo. Har ta rasu a Sayam haka take cewa.” Ya juya wata muciya a hannu. “In shi ne, ya bar ni da rai, amma yana cikin waɗanda suka yanka maƙwabcina. In ba shi ba ne, to ɗana yana ina? Ban san wanne zan roƙi Allah ba.”

Sai ya faɗi abin da ya kawo zancen. Ba shi da hoton yaron. In ya rufe ido yana son ganin fuskarsa, baƙin rawanin nan kawai yake gani. Yana so in zana masa shi.

Na ce zan gwada. Muka ɗauki makonni muna yi. Ya ce hanci kamar nasa, goshi kamar na uwar, tsage uku-uku, wani tabo a gira daga faɗuwa kan jaki. In zana da fensir a bayan takardun da suka rage mini na proje, ya karɓa ya nisanta da idonsa, ya girgiza kai. Wannan ya yi tsufa. Wannan ya yi kama da ɗan wansa. Wannan idon ya yi sanyi. Wata rana ya daɗe yana kallon guda, na ɗauka mun samu. Sai ya ce, “Kunnen ne kawai nasa.” Takardun suka taru, sun fi goma. Na zuba su a akwatin burushi.

Ana cikin haka madam ɗin wani proje ta kira ni. Suna da wata cibiya inda matan da aka koro daga ƙauyukan bakin ruwa ke zuwa karɓar kaya da koyon ɗinki. Tana son a yi wa dogon bangon gaba zane, abin da zai tuna wa mutane rayuwarsu ta da. Ta ce in zana abin da na ga dama, muddin na ƙasar ne. Rabon da a ce mini haka har na manta. Na yi kwana tara a kan tsani. Na zana jan tattasai shanye a rana, masunci cikin kwalekwale, shanun Buduma masu manyan ƙaho suna iyo. A ƙarshen bangon, wajen ƙofa, na zana abin da ya fi cina a rai: maharbi durƙushe cikin ciyawa, lulluɓe da baƙin mayafi, kan burtu a goshinsa, bindigar toka a hannunsa, barewa biyu suna kiwo a gabansa. Ƙafafun barewar daidai suke. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan ba. Na ƙosa ranar kasuwa ta zo in kai tsohon ya gani.

Ban yi tunanin su wa za su tsaya a ƙofar nan ba. Wannan laifina ne, babu wanda zan ɗora wa.

Washegarin da na sauke tsani, mata suka yi layi don karɓar kaya. Wata daga cikinsu, wadda aka kashe mijinta a gabanta, ta ɗaga ido ta ga baƙin abu durƙushe da bindiga, babu fuska. Ta ƙwalla ihu ta faɗi. Layin ya watse, aka tattake wata tsohuwa, aka zubar da kaya. Kafin la'asar magana ta zaga gari ta canza kama. Wasu suka ce aljani aka zana. Wasu suka ce alama ce aka sa wa mutanen daji don su gane gidan da za su kai wa hari. Madam ta zo rumfata da kanta, fuskarta a ɗaure. Ta ce ta san ban yi da mugun nufi ba, amma in je in shafe yanzu. Na je na shafe da farin fenti, shafi uku, mutane suna tsaye suna kallona. Bareyin ma na shafe su.

Kwana biyu bayan haka mutum biyu na hukuma suka zo, ba su sa kaki ba. Suka gaishe ni da ladabi, suka ce za su duba rumfa. A akwatin burushi suka tarar da takardun, fuskar saurayi ɗaya fiye da sau goma. Suka ce in rufe rumfa in biyo su.

Ba a dake ni ba. Ina so a san wannan, domin da an dake ni da na sami abin fakewa. An zaunar da ni kan benci a biro, wato ofishinsu, tun safe har rana ta karkata, babu mai ce mini komai. Ina jin ƙarar takalma, ina tuna mutanen unguwarmu da aka kira irin wannan kiran aka wuce da su Yamai, iyalansu suna jira har yau. Ina tuna ƴaƴana. Da aka shigar da ni wurin babbansu, wani mutumin yamma mai sanyin murya, ya ba ni ruwa, ya shimfiɗa takardun bisa tebur.

“Wane ne wannan?”

Na faɗa.

“Wane ne a bangon?”

Na faɗa. Na ce maharbi ne kawai, tsoho, mai sayar da muciya. Ya gyaɗa kai yana rubutu. Bai sake tambaya ba, ya dai ɗago ya dube ni yana jira. Shirun ya yi mini nauyi, sai na ci gaba da magana. Na ba shi labarin ciyawar bakin kogi, da mai baƙin rawani, da bakin bindigar da ya nuna mashigi. A raina ina cewa wannan zai nuna masa tsohon abin tausayi ne. Ina cikin faɗa na ga alƙalaminsa ya ƙara sauri.

“Wato sun kashe na kashewa, shi suka bar shi ya wuce,” ya ce.

“Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba.”

“Na gane. Yaushe yake zuwa wurinka?”

Na faɗi ranar.

Suka sallame ni kafin magariba. Da na gaya wa matata, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

“Saura kwana huɗu kasuwa,” ta ce. “Ka hau mota gobe ka je Sayam ka gaya masa.”

“In na je, za su ce ni ma ina ciki.”

“To ka aika.”

“Wa zan aika da irin wannan magana?”

Ta dube ni, ta ɗauki tsintsiyarta. Kwana huɗun nan kullum ina cewa gobe. Ban je ba, ban aika ba.

Ranar kasuwa ya zo da hantsi kamar kullum. Ya yi sallama, ya shimfiɗa buhunsa, yana jera muciyoyi. Ya ce ya tuna wani abu game da haɓar yaron, yau za mu samu. Na buɗe baki in ce masa ya tashi ya tafi, sai na hango su tsallaken hanya, gindin mai shayi. Na sunkuyar da kai ina motsa fentin da ba ya bukatar motsi. Suka tsallako, suka yi masa magana a hankali. Ya miƙe bai yi gardama ba. Suka zazzage buhun, suka ɗauki kan burtun, ɗayansu yana juya shi yana dariya. Da za su sa shi a mota ya waiwayo.

“Afuno, ka kula mini da kayan.”

Bai sani ba tukuna.

Damina biyu ta wuce. Na tambaya sau ɗaya, aka ce an wuce da shi Yamai, kada in sake tambaya. Muciyoyinsa suna rataye a rumfata, ban sayar ba, ban iya kallonsu ba. Mutanen proje suka ci gaba da ba ni aikin hannu da sabulu. Babu wanda ya sake ce mini in zana abin da na ga dama, ni ma ban nema ba. A gida matata ba ta sake tayar da maganar ba, amma ta daina ba ni labarin abin da ta ji a wurin biki ko a bakin famfo. Na lura.

Wata ranar da ba ta kasuwa ba, ina rubuta allo, na ji sallama. Na ɗago ban gane shi ba sai da ya ce Afuno. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, haƙoransa na gaba sun zube, ido ɗaya ya yi fari. Alƙali ya sallame shi tare da wasu da yawa, an ce babu hujja. Na shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna, ya sha ruwa a hankali.

“Sun karanta mini takardarka,” ya ce. “Da Faransanci, wani ya juya mini. Komai yana ciki, har tabon gira.”

Na durƙusa a gabansa. “Baba, tsoro na ji. Ka yafe mini.”

“Na san tsoro ne. Ni ma na ji tsoro a can. Sun yi ta tambayata ina ɗana yake, wane ne shi a cikinsu. Na ce musu in sun gano, don Allah su gaya mini.” Ya goge bakinsa da hannun riga. “Maganar da ka faɗa a biro, na wuce ta. Kwana huɗun ne ban wuce ba. Sun ce mini kwana huɗu kana gida.”



“Ban ce ba zan yafe ba,” ya ce. “Ban gama tunani ba.”

Na roƙe shi ya zo gida ya ci abinci kafin motar Sayam. Ya yarda, ina jin don yunwa ce. Matata ta dama masa fura, ta dafa shinkafa mai laushi saboda haƙoransa. Ta zauna nesa kaɗan a bakin ƙofar ɗaki, ta gaishe shi da Barbarci. Ya amsa, sai magana ta ɓalle tsakaninsu. Barbarcina na kasuwa ne, na ciniki da gaisuwa. Suna yi da sauri, a ƙasa-ƙasa, ban kama komai ba sai kalma nan da can. Sun fi awa guda. Ta yi kuka, shi ma ya share ido, sau ɗaya kuma suka yi dariya tare. Ina zaune a tsakar gidana kamar baƙo.

Na ɗauki muciyoyinsa na raka shi tasha, yana dafe da kafaɗata don idon. Muka yi sallama irin ta kowa da kowa.

Da na dawo na tambaye ta me ya ce.

“Labarin matarsa ya ba ni,” ta ce. “Yadda aka kawo ta gidansu a kwalekwale, ruwa ya cika, tana tsoro tana riƙe da akuyarta. Tunda ta rasu bai sami wanda zai gaya wa ba.”

“Bai yi maganata ba?”

“Bai yi ba.”

Bai sake zuwa kasuwar Diffa ba. Bayan wasu watanni na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na hau mota na je Sayam. Na yi ta tambaya bukka bukka har aka nuna mini inda yake zama. Wata maƙwabciyarsa tana tankaɗe a ƙofa. Ta ce ya bi waɗanda suka koma hayin kogi, sati uku ke nan. An gaya musu ƙauyen bai zauna lafiya ba tukuna, ya ce ya ji. Na tambaye ta ko an sami labarin isarsu. Ta ce wasu sun ce sun isa, wasu sun ce an tare su a hanya, ita dai ba ta sani ba. Ta ba ni ruwa na sha, na koma bakin hanya na jira motar komawa gari.